Wutar ƙaiƙayi a cikin ƙwaƙwalwa: Abin da ke bayan gigin tsufa

A wani ƙauye na ƙasar Makarfi akwai dattijon da na tashi na tarar ana kai wa lissafi. Idan an gama lodin rake, ko an sayar da mazarƙwaila ana son raba kuɗi tsakanin mai gona da 'yan aiki, shi ake kira. Ba takarda ba alƙalami zai faɗi rabon kowa, kuma ban taɓa jin an tashi daga gabansa da ƙorafi ba. Bara da rani na biya in gaishe shi. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambaye ni ɗan gidan wane ne ni, na faɗa masa. Kafin in shanye ruwan da aka kawo mini ya maimaita tambayar sau uku. 'Ya'yansa suka ce sau biyu ana tsinto shi a hanyar fadama da talatainin dare, wai zai je ban-ruwa, alhali ya fi shekara goma rabonsa da fartanya. Jikarsa kuwa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa yake kiranta.

Kan mutanen gidan ya rabu uku. Babban ɗansa ya ce tsufa ne, kowa ya daɗe ya ga daɗau. Uwargidansa ta ce jifa ne, har ta san wanda take zargi, domin akwai tsohuwar rigimar iyakar gona. Ƙaramin ɗan kuwa sai jigilar jiƙe-jiƙe da turare yake yi. Babu wanda ya kawo maganar asibiti. Shi ma ya ci sa'a namiji ne mai 'ya'ya. Da tsohuwa ce marar gata aka tsinta tana yawo da dare tana sambatu, da wata kalmar za a jefe ta da ita, kuma duk mun san kalmar.

Irin wannan gida ba ya da wuyar samu a Ikara, ko Kudan, ko Hunkuyi. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, gigin da ya kai mutum ga manta 'ya'yansa da hanyar gidansa ciwo ne mai sanadi a cikin naman ƙwaƙwalwa, kamar yadda hawan jini yake da sanadi a jijiya. Masana sun yi nisa wajen gano yadda yake faruwa, kuma abin da suka gano ya shafi yadda muke noma, da yadda muke shan magani, da yadda muke riƙon iyayenmu.

Furotin da ya ɓata naɗi

A 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Shekarunta 51, amma ta manta abubuwa, ta koma zargin mijinta, ba ta iya rubuta sunanta har ƙarshe. Da ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zare-zare da suka harɗe a cikin ƙwayoyin. Sunansa cutar ta ci. Sai a 1984 aka gano dunƙulen nan wani furotin ne da ake kira amiloyid, a 1986 kuma aka tabbatar zaren da ya harɗe wani furotin ne mai suna tawu.

Furotin shi ne kayan aikin jiki. Kowanne dogon zare ne da ake naɗewa a kan wata siga ta musamman, kuma sigar ce aikinsa. Kamar rawani yake: ƙyallen ɗaya ne, amma idan naɗin ya ɓaci ya tashi daga ado ya koma tsumma a ka. Furotin da ya ɓata naɗi yana yin danƙo, ya manne da ɗan'uwansa, har ma ya koya wa lafiyayye irin mugun naɗinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin dafa mazarƙwaila ya san yadda ruwan rake mai gudu yake yin kauri a hankali, har ya daskare ya zama curin da sai an fasa. Haka amiloyid yake taruwa, kuma yakan fara shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin a ga alamar mantuwa ta farko.

Cutar karkarwa da James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817 ita ma haka take, sai dai furotin nata daban ne. Sunansa alfa-sinukilin, an gano shi cikin curin da ke ƙwaƙwalwar masu ciwon a 1997. Shi yakan fi yi wa ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin illa, shi ya sa hannu yake rawa, tafiya ta yi nauyi, fuska ta daskare.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Akan sami tsoho ya rasu da hankalinsa garau, a duba ƙwaƙwalwarsa a tarar da amiloyid jingim. Ashe tarin furotin kaɗai bai isa ya rusa mutum ba. Da ɗan gari akan ci gari.

'Yan sintirin ƙwaƙwalwa

Ɗan garin nan shi ne wata ƙaramar ƙwayar halitta da masanin ƙasar Sifen, Pío del Río Hortega, ya bayyana a 1919, aka sa mata suna maikurogiliya. Ita ce garkuwar jiki ta cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, su kuma waɗannan 'yan sintiri suna zaune a tsakaninsu, kowace da unguwarta, tana miƙa siraran hannuwa tana laluben abin da ke kewaye da ita dare da rana. Idan ƙwaya ta mutu su ne masu kwashe gawa. Idan ƙwayar cuta ta kutso su ne masu tarar ta. Suna da wani aikin kuma: rage mahaɗun jijiya da ba a amfani da su, kamar yadda manomin inabi a Kudan yake datse rassan da ba za su yi 'ya'ya ba domin sauran su yi ƙarfi.

Idan amiloyid ya fara taruwa, 'yan sintirin nan sukan gane shi a matsayin baƙo. Sai su kewaye curin, su haɗiye abin da za su iya, su tattake sauran wuri ɗaya don kada ya bazu. A farkon ciwo wannan aikin alheri ne, kuma akwai hujja. A 2013 wasu rukunoni biyu na masana, ɗaya a Aisilan ɗaya a Landan, suka gano cewa mutanen da suka gaji tawaya a wata ƙwayar gado mai suna TREM2 sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da cutar Alzheimer kusan ninki uku. Aikin TREM2 shi ne taimaka wa maikurogiliya ta shinshino sharar da za ta kwashe. Wato idan mai gadi ya yi rauni, ɓarawo yakan yi yadda ya so.

Garin gyaran gira

Matsalar ita ce sharar ba ta ƙarewa. Abin da aka halicci maikurogiliya ta yi cikin 'yan kwanaki, sai ta wayi gari tana yin sa shekara da shekaru. Furotin da ta haɗiya ba ya narkewa yadda ya kamata, har yakan huda 'yar jakar da take narka shara a ciki. Hujewar jakar tana tada wata ƙararrawa a cikin ƙwayar, wadda masana ke kira NLRP3, ita kuma ta sa a saki sinadaran kumburi, irin waɗanda ke sa ƙurji ya yi zafi ya yi ja.

Kada mai karatu ya ɗauka kai ne zai kumbura a gani. Wannan kumburi wutar ƙaiƙayi ce, ba harshe ba hayaƙi, ta ƙarƙashi take ci. Ga kaɗan daga ɓarnarta. Sinadaran suna sa furotin tawu ya ƙara lalacewa a cikin jijiya. Suna juya wasu ƙwayoyin da ke ciyar da jijiya su koma masu cutar da ita. Maikurogiliyar da ta fusata takan fitar da wasu ƙananan curi da amiloyid yake maƙalewa a jikinsu ya kafa sabon tari, ta haka mai shara ya koma mai baza shara. Mafi muni, aikin datse rassa yakan wuce gona da iri. A 2016 masana a Boston, ƙarƙashin Beth Stevens, suka nuna a jikin ɓeraye cewa tun kafin curin amiloyid ya bayyana sosai, maikurogiliya ta fara cinye lafiyayyun mahaɗun jijiya. A cikin waɗannan mahaɗu ne sunan jika da hanyar gida suke ajiye. Kowace jijiyar da ta mutu kuma sabuwar shara ce da za ta ƙara tunzura 'yan sintiri. Garin gyaran gira an tsone ido.

Tun a 2013 Michael Heneka da abokan aikinsa a Bonn ta Jamus suka cire ƙararrawar NLRP3 daga ɓerayen da aka shirya su kamu da irin wannan ciwo, sai ɓerayen suka tsira da yawancin tunaninsu. Ɓera ba mutum ba ne, kuma abubuwa da yawa da suka yi aiki a ɓera sun gaza a ɗan Adam. Amma gwajin ya nuna cewa wutar tana cikin masu aikata ɓarnar, ba 'yar kallo ba ce.

Akwai wani abin da masu jinyar tsofaffi suka sani tun kafin masana su auna shi. Tsoho mai 'yar mantuwa yakan yi zazzaɓi ko ciwon fitsari, sai ya rikice gaba ɗaya, wani lokaci ko ya warke ba ya komawa yadda yake. A 2009 wani bincike a Southampton ta Ingila ya bi masu cutar Alzheimer 300 tsawon wata shida, ya tarar waɗanda suka yi wani ciwo mai tada kumburi a jiki tunaninsu ya ninka saurin lalacewa. Dalili kuwa, maikurogiliyar da ta riga ta hasala ƙiris take jira.

Abin da aka gano a gida

Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. A 2011 aka wallafa binciken da likitoci suka yi a Zariya a kan tsofaffi 322 da ke zaune a gidajensu. Kusan uku cikin ɗari suna da wannan ciwo, kashi biyu cikin uku nau'in Alzheimer, sauran kuma nau'in da lalacewar jijiyoyin jini ke haddasawa. Zariya kuwa ita ce maƙwabciyarmu, abincinmu ɗaya, sana'armu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki.

Bincike mafi daɗewa a ƙasar nan shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, wanda su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka jagoranta. An kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da aka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na mutanen Ibadan ke kamuwa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Ɗaya daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo shi ne ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitse a jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. Wannan albishir ne da gargaɗi a haɗe. Yau hawan jini ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, da yawa ba su ma san suna da shi ba sai ɓarin jiki ya shanye. Jijiyar jinin da ta lalace tana barin abin da bai kamata ba ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa, wannan kuma ƙarin itace ne a wuta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A ɓangaren karkarwa ma Najeriya ta ba duniya ilimi. A 2023 wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa, wanda yawancin mahalartansa 'yan Najeriya ne, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar Parkinson ga 'yan asalin Afirka. Aikin GBA1 yana cikin jakar narka sharar nan da muka ambata. Maganar dai ta sake dawowa kan shara da mai kwashe ta.

Tankin feshi a bayan yaro

Nan ne batun ya iso fadamunmu. Duk wanda ya bi hanyar Hunkuyi ko ta Ikara da damina, ko lokacin tumatir da rani, ya ga matashi goye da tankin feshi, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, wani lokaci ma tankin yana ɗiga a gadon bayansa. Cikin magungunan ƙona ciyawa da aka daɗe ana amfani da su akwai farakwat. A gwajin dabbobi an ga yana tada maikurogiliya, yana ƙara tarin alfa-sinukilin, yana kashe ƙwayoyin dofamin. A 2011 wani bincike a kan manoman Amurka ya tarar masu amfani da shi sun fi sauran haɗarin karkarwa kusan ninki biyu da rabi. Masu sarrafa shi suna musanta alaƙar, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Amma Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, a nan gida ma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Ko babu batun ƙwaƙwalwa, guba ce da kurɓi kaɗan yake kisa. Wanda zai sayi maganin ciyawa ya sa a karanta masa abin da ke rubuce a jikin galan, wanda kuma zai tura ɗansa feshi ya tuna cewa yaron nan zai tsufa da ƙwaƙwalwar da yake da ita yau.

To, magani fa?

Gaskiya ɗaya ce: har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. A 2023 Amurka ta amince da wata allura mai suna lekanemab, wadda take manne wa amiloyid domin maikurogiliya ta gane shi ta kwashe. Ta rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, ba ta tsayar da ciwon ba. A 2023 an sa kuɗinta dala 26,500 a shekara, kuma tana iya sa ƙwaƙwalwa ta kumbura ko ta yi tsattsafin jini, don haka sai ana ɗaukar hoton kai a kai a kai. Wannan ba hanyar manomin rake ba ce.

Wani zai ce, tunda kumburi ne, ai sai a sayo maganin ciwon jiki a kemis a riƙa ba tsoho. Kul! An gwada irin waɗannan ƙwayoyi a manyan gwaje-gwaje ba su hana ciwon ba, kuma yawan shansu yana cin ƙoda, yana huda ciki, yana ƙara hawan jini. Wuyar abin ita ce maikurogiliya mai gadi ce kuma mai ɓarna, ba a son a kashe ta, ba a son a bar ta da fushinta. Yadda za a lallashe ta shi ne abin da masana ke nema yanzu. Saboda haka duk mai lasifika a kasuwa da ya ce yana da maganin mantuwa na kwana bakwai, kuɗinka yake so.

Abin da ke hannunmu

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan ciwo. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, buguwar kai, shaƙar gurɓatacciyar iska, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, kaɗaici, da rashin ilimi tun ƙuruciya. Mai karatu ya dubi jerin nan ya dubi ɗan acaɓa marar hular kwano, da uwar da ke wuni cikin hayaƙin murhu a rufaffen madafi, da tsohon da yanar ido ta zaunar a ɗaki, da yarinyar da aka cire daga makaranta.

Misalin da ya fi kama da mu daga ƙauyukan Sin ya zo. An ɗauki ƙauyuka 326 da mutum kusan 34,000 masu hawan jini, aka horar da ƙananan ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba, su riƙa auna jini suna ba da magani suna bibiya. Sakamakon da aka wallafa a 2025 ya nuna cewa cikin shekara huɗu gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin ɗari a ƙauyukan da aka yi wa wannan hidima. Ba wata na'ura mai tsada, abin awon jini ne da ƙwaya mai araha da naci. Makarfi kuwa gari ne da ya yi suna wajen horar da irin waɗannan ma'aikata, albarkacin kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da hakimai da limamai, su sa awon jini ya zama abin da ake yi a ranar kasuwa da harabar masallacin Juma'a, a kuma tabbatar maganin yana nan a ƙananan asibitoci.

Ga iyalan da ciwon ya riga ya shigo musu gida, matakin farko shi ne a kai tsoho asibiti. Ba kowace ruɗewa ce Alzheimer ba. Ƙarancin sinadarin B12, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, ciwon fitsari, jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa, ko haɗa magunguna barkatai, duk suna rikita tsoho, kuma duk ana maganinsu. Mai karkarwa ma akwai ƙwayar lebodofa da take sassauta masa shekaru. Daga babban asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Idan kuma an tabbatar ciwon ne, to sauran aikin na haƙuri ne. Kada a yi musu da shi, kada a ɗaure shi, kada a bar yara su mai da shi abin dariya. A bi da zazzaɓinsa da wuri, a kula da haƙoransa da fitsarinsa, a bar shi cikin mutane, a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu, a sanar da maƙwabta halin da yake ciki. A kuma riƙa karɓar mai jinya, domin yawanci mace ɗaya ake bar wa nauyin har ita ma ta kwanta. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya kuma yi mana horo a kan iyayen da tsufa ya riska a hannunmu a Suratul Isra'i. Babu inda aka ce mu kira su mayu.

Da zan bar gidan dattijon nan, ya riƙe hannuna ya ce in gaida mahaifina, wanda shi da kansa ya halarci jana'izarsa. Na ce masa zai ji. Ɗansa ya rako ni bakin hanya, muka yi maganar Shika, muka yi maganar awon jininsa shi ma, domin ya haura hamsin kuma bai taɓa aunawa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.